Limamin Ɗakin Baba

A layinsu babu wanda ake buga misali da shi kamar Auta mai gyaran rediyo. Uwa in za ta yi wa ɗanta faɗa, da shi take farawa: "Ka dubi Auta mana! Shi ba mutum ba ne?" Dalili kuwa, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinsa, ba a taɓa kiran sallah ba sai ya ajiye ƙarfen liƙi, ya jawo ƙofar shago, ya kama hanyar gida. Ko rediyon wa ke buɗe a kan tebur, ko mai shi na tsaye yana huci, sai dai ya jira. Auta kan ratsa layin kansa a sunkuye, ana sa masa albarka hagu da dama, ana cewa yaron nan akwai kunya. Ba su san kowace albarka tana ɗiga a ƙirjinsa ne kamar narkakkiyar dalma ba.

Baba tsohon direban babbar mota ne, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin murya, wanda a da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida har kajin maƙwabta sai sun nutsu. Ciwon ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya ɗan karkatar da bakinsa, amma abin da ya fi cin ransa shi ne ɓarnar da ya yi masa a ka. Ka tambaye shi wata kwana da ya sha tun yana saurayi, zai gaya maka har da ramin da ke bayanta da mai shayin da ke bakin gada. Amma da ya tayar da sallah, kafin ya kai raka'a ta biyu lissafi ya watse, surori sun shiga juna, sai ya tsaya baki buɗe yana kallon bango. Ranar da abin ya fara faruwa, tsohon nan kuka ya yi har da majina.

Yaya, babbar 'yarsa, wadda ke aure a can ƙarshen gari kuma ba ta taɓa shiga ɗaki ta bar kayansa yadda ta same su ba, ita ta yanke hukunci.

"To mene ne abin kuka, Baba? Ga Auta nan. Ya riƙa jan ka sallah, kai dai bi kawai. Ga sauƙi, ga ladan jam'i."

Nan take ta sa aka matsar da gado, aka ajiye kujerar Baba a daman darduma. Babu wanda ya tambayi Auta. In ma an tambaye shi, me zai ce? Ya ce ya daɗe rabonsa da sallah da zuciya ɗaya? Ya buɗe baki a gaban uban da ke share hawaye da hannun hagu ya ce shi fa yanzu Almasihu yake bi?

Abin ya samo asali ne tun bayan rasuwar 'yar Auta. Yarinya ce 'yar ƙarama, zazzaɓi ya ɗauke ta cikin 'yan kwanaki, auren kuma bai jure rashin ba. Ba faɗa, ba zagi, matar ta tattara ta koma gidansu. Masu ta'aziyya kowa da abu ɗaya a baki: "Kai namiji ne, yi haƙuri." Auta ya yi haƙurin. Ya haɗiye kukan ɗanye, ya zauna masa a maƙoshi, da shi yake cin abinci, da shi yake liƙa wayoyin mutane.

Ana cikin haka aka kira shi wani coci, lasifikokinsu suna kuwwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa, yana gyara na masallaci, na makaranta, na ɗakin taro, duk inda waya ta tsinke. Sai dai aikin lasifika ba ya ƙarewa a kan tebur. Dole a kunna, wani ya tsaya a makirufo ya yi magana, mai gyara ya koma bencin ƙarshe ya kasa kunne. Ba ƙara yake saurare ba, kalmomi yake bi ɗaya bayan ɗaya, ya ji ko kowace tana isowa lafiya. Galibi mutane "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu" suke cewa. Ranar kuwa babu kowa a cocin sai wata tsohuwar malamar makaranta mai kaurin tabarau da ke goge bencina, wadda kowa ke kira Malama. Ta ce ita ta wuce shekarun tsayawa a ɗaki fayau tana ƙirga ɗaya da biyu kamar 'yar aji ɗaya. Ta buɗe littafinsu inda ya buɗu, ta hau karatu.

Labari ne na yadda Almasihu ya iso a makare, abokinsa ya riga ya mutu har an binne shi. Ya tsaya a bakin kabarin, cikin jama'a, kowa na kallo, ya yi kuka.

Auta ya ɗaga hannu daga can baya. "Malama, a sake. Bai fito sosai ba a nan."

Ƙarya yake yi, lasifikar tana fitowa tar. Ta sake karantawa a hankali. Kafin ta kai ƙarshe abin da ya daɗe a maƙoshinsa ya ɓalle. Ya kifa goshi a bayan bencin da ke gabansa, kafaɗunsa na rawa, sukudireba a hannu. Malama ba ta ce masa namiji ne shi ba. Ta ci gaba da karatunta har ya gama.

Daga ranar lasifikokin cocin nan suka shiga rashin lafiya. Auta, wanda ko a mafarki ba ya barin waya a kwance, sai ya riƙa tafiya ya bar ɗaya bai ɗaure ta tamau ba. Bayan 'yan kwanaki sauti ya ɗauke, a sake kiransa, a sake gwaji, Malama ta sake karatu. Har faston ya fara ƙorafi: "Anya wannan mai gyaran ya iya kuwa? Ko mu nemi wani?" Malama ta ce a bar shi, sannu a hankali zai gano matsalar. Da faston ya fita ta dubi Auta ta saman tabarau.

"Ɗana, ɗaure wayar nan da kyau, ka daina ɓata sunan sana'arka. Ƙofar baya a buɗe take ran Talata. Ba sai lasifika ta lalace ba."

Ba a rana ɗaya ya miƙa wuya ba. Ya yi gardama, ya yi tambayoyin da Malama ta ce ba ta san amsarsu ba, ya yi fushi ya ɗauke ƙafa, ya yi istigfari, ya dawo. Tsoro ya hana shi cin abinci har sai da ya ƙara huda bel ɗinsa. Ƙarshe dai wata rana da hantsi, a cikin shago, ya durƙusa a bayan kanta tsakanin matattun talabijin ya ce ya gaskata. Ba tsawa, ba walƙiya. Yana miƙewa ma wata mata ta leƙo tana tambayar batirin tocila. Amma ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa wanda rabonsa da shi tun 'yarsa na da rai, kuma ya san ba zai iya mayar da shi ba ko da ya so.

Ɓoyewa a lokacin ba ta da wuya. A shago abin sauraro na maƙale a kunnensa, kowa ya ɗauka gwajin kaya yake yi, alhali karatun littafin su Malama yake ji. Ran Juma'a kuwa wurinsa a masallaci sananne ne, ɗan lungun da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, take, yana murɗa wannan yana rage wancan, ba mai lura ko ya shiga sahu ko bai shiga ba. Yana ta cewa a ransa zai gaya wa Baba in ya sami lokacin da ya dace. Lokacin bai zo ba, ciwon ya riga shi zuwa.

Haka Auta ya zama limamin ɗakin Baba. Shi ke kawo buta da roba, ya wanke masa hannun da ba ya motsi, ya shafa masa kai, ya tsane masa ƙafa da tawul. Sannan ya tsaya a darduma ya yi kabbara. Ya koyi ja a hankali, yana jin numfashin tsohon a damansa, ba ya sunkuyawa sai ya ji kujera ta yi ƙara alamar Baba ya shirya. Bakinsa na karatun da ya iya tun yana yaro, ba ya tuntuɓe ko sau ɗaya. In ya kai goshi ƙasa kuma sai zuciyarsa ta koma inda ta saba, ya ce, "Ya Yesu, ka gafarta mini, ka dubi tsohon nan." Ya san sarai cewa a wurin Baba, da duk wanda Baba ya yi karatu a gabansa, sallah a bayan wanda ya bar addini ba sallah ba ce.

Ya yi ƙoƙarin zamewa. Ya ce aiki ya yi masa yawa, ya roƙi telan da ke maƙwabtaka da su ya riƙa shigowa. Tela mutumin kirki ne, amma yadda yake taka keke haka yake jan sallah. Yana sallamewa Baba bai gama ɗagowa daga ruku'un farko ba.

"Kada ka ƙara kawo mini shi," in ji Baba da baƙon ya fita, maganar na fita ta gefen baki. "Wannan direban haya ne, ba ya jiran fasinja. Kai ka san giyar da nake hawa da ita."

Auta ya yi dariya, don Baba ya daɗe bai yi barkwanci ba. Da ya shiga bayi zubar da ruwan alwala ya daɗe bai fito ba.

Abin da ya karya shi ziyarar Makanike ce, tsohon abokin Baba na zamanin hanya, wanda haƙoransa suka zube amma surutu bai ragu ba. Suka zauna suna tuna da, wane ya mutu, wane ya makance, wace mota ce ta taɓa ƙwace musu a gangare. Auta na gefe yana zuba musu shayi. Can Makanike ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Mu dai sai gafarar Allah. Sallolin da muka zubar a kan titi, in aka ce a tattaro su, ai sai an yi lodi."

Baba ya gyaɗa kai. "Ni ma da abin na hana ni barci. Amma ka ga ciwon nan? Rahama ce. Tun da na kwanta ban rasa sallah ko ɗaya ba, kuma duk a jam'i, a bayan ɗana na cikina." Ya miƙa hannun hagu ya dafa gwiwar Auta. "Ba ni da gida na a zo a gani, ban je aikin hajji ba. Wannan ɗin ce guzurina. Yanzu ko yau aka ce in taho, ba na jin tsoro."

Shayin ya zuba a kan faranti. Makanike ya ce, "A'a, liman, hannu na rawa tun yanzu?" Suka kwashe da dariya su biyu.

Ran Talata Auta ya shiga ta ƙofar baya ya zayyana wa Malama komai. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin mayafi.

"Ni a cikin wannan aka haife ni, ɗana, ban taɓa ɓoye shi ga kowa ba. In na ce na san nauyin da ke kanka, na yi ƙarya. Na san ƙauna ce ta tsayar da kai a kan dardumar nan." Ta mayar da tabarau. "Amma ka ce guzurinsa ne. Kai ne kaɗai ka san abin da ke cikin jakar."

"In na faɗa, na kashe shi, Malama."

"Wataƙila. Ba zan ce maka a'a ba. Zo mu yi addu'a."

Ya fito bai sami amsa ba, ya ci gaba da ja har wasu kwanaki. Sai wata la'asar, ya yi wa Baba alwala, ya gyara masa hula, ya shimfiɗa darduma, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, murya ta ƙi fita. Ya sake ɗagawa. Yana jin numfashin tsohon a damansa, yana jira, cike da yarda. Hannuwan suka sauka da kansu. Ya juyo ya durƙusa a gaban kujerar.

"Baba, ba zan iya ba."

"Alwalarka ce ta karye? Je ka sake mana, ina nan, ina za ni?"

"Ba alwala ba ce." Ya kafa ido a kan ƙafar Baba, wadda ya gama tsanewa yanzun nan. "Baba, ni na bar sallah. Almasihu nake bi. Na zama Kirista."

Ya zaci ihu. Ya zaci hannun hagun nan, wanda har yanzu da sauran ƙarfinsa, zai sauka a kuncinsa, ya ma ɗan miƙa fuskar. Ba abin da ya sauka. Fanka na juyawa a sama, a waje wani na tallar ruwa. Baba ya daɗe yana motsa baki kafin magana ta fito, kuma da ta fito ba zagi ba ce.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Baba."

"Kafin in faɗi, ko bayan na faɗi?"

Nan ne Auta ya so ya yi ƙarya fiye da kowane lokaci a rayuwarsa. Da ya ce kwanan nan ne, da tsohon ya tsira da wani abu a hannu.

"Kafin."

Baba ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya ji, ya tsaya a gefen bakin, bai san yana nan ba. "Duka ke nan," ya ce, ba da Auta yake ba. "Duka babu." Can ya buɗe ido. "Kana wanke ni, kana sa mini hula, kana tsayawa a gabana. To ni wa nake bi?"

"Na ji tsoron in rasa ka, Baba. Ka yafe mini."

"Gyara mini kujera ta kalli gabas sosai. Ka naɗe dardumar nan. Ka fita."

Auta ya yi duka ukun.

Baba bai kore shi ba, kuma ko ya so ba zai iya ba, wa zai ɗaga shi, wa zai kai shi bayi? Yana karɓar abinci daga hannunsa, yana karɓar magani, fuskarsa na kallon taga. Alwala ce ya daina yarda ya yi masa. Ya sa aka samo masa dutse mai faɗi aka ajiye a hannun kujera, yana taimama da hannu ɗaya. Sunan Auta kuma ya fita daga bakinsa, sai dai "kai". Ya ɗauki ramuwa gadan-gadan, kowace sallah in ya yi ta yanzu sai ya bi ta da ta baya, shi kaɗai, ƙofa a sakaye. Abin da mai lafiya zai gama kafin shayi ya huce, Baba sai ya kai wani lokacin sallar yana fama. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Da Yaya ta zo ƙarshen mako da kwanukan abinci, ko zama ba ta yi ba idonta ya sauka a kan darduma a naɗe a saman kwaba.

"Wannan kuma fa? Auta, ka gaji da ladan ne?"

Auta na tsaye a bakin ƙofa. Ya san Yaya. In ta ji, kafin magariba dangi kaf sun ji, shago ya rufu, kuma a daren za a kwashe Baba a kai shi gidanta. Ya dubi mahaifinsa yana jiran a gama da shi.

"Ni na hana," in ji Baba, idonsa a kan taga. "Na ji sauƙi. Kaina ya dawo, ina iya yi da kaina."

"Kai, alhamdulillahi!" Yaya ta tafa hannu, har da 'yar ƙwalla. "Ka ga amfanin maganin nan da kake ƙi, ko?"

Baba mutum ne da a zamanin tuƙinsa ya yi faɗa, ya yi zagi, ya zubar da sallah, amma 'ya'yansa ba su taɓa kama shi da ƙarya ba. Auta ya fita tsakar gida ya tsaya a gaban famfo, ya kunna shi don kada a ji kukansa.

Bayan tafiyarta aka kira azahar. Auta ya gyara wa Baba kujera, ya matso masa da dutsen, ya fita ya sakaya ƙofa. Bai yi nisa ba, ba ya taɓa yin nisa. Ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin bango, kunnensa a kan ƙofar. Ya ji kabbara. Ya ji raɗar karatu tana jan ƙafa, tana faɗuwa tana tashi. Kujera ta yi ƙara, ta sake yi. Kunnen da ya saba bin kalma daga bencin ƙarshe bai rasa ko ɗaya ba, yana biye da tsohon ruku'u da sujada har ya zauna tahiya. Daga nan sai shiru.

Ya san wannan shirun. Baba na can baki buɗe yana kallon bango, bai san ko ya tashi ko ya sallame ba. Auta ya ce a ransa ba zai yi magana ba, ba shi da hurumi. Sai ya ji wani ɗan sauti daga ciki, irin na mutumin da ke ƙoƙarin danne kuka.

Ya kai baki jikin ƙofar, ya ce a hankali, "Biyu ka yi, Baba. Saura biyu."

Sautin ya tsaya. Auta ya kasa kunne yana jiran ƙarar kujera, alamar an tashi zuwa ta uku. Abin da ya ji sallama ce. Baba ya yanke sallar. Bayan ɗan lokaci kabbara ta sake tashi, cikin murya mai rawa, daga farko.

Raka'a ta ɗaya ta wuce. Ta biyu ta wuce da ƙyar. Shirun ya dawo daidai inda ya zo ɗazu, kuma Auta ya san amsar. Ya ɗaga hannu biyu ya toshe bakinsa.